An ga tsiro a tumbina, me sakamakon gwajin yake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An zura mini na'ura mai kyamara ta baki saboda ciwon ciki da ya daɗe yana damuna, aka tarar da tsiro mai girman milimita 8 a tumbina, aka gutsuri kaɗan domin gwaji. Sakamakon ya ce nau'in haifafilastik ne, babu disfileshiya, amma akwai ƙwayar Helikobakta. Shin ciwon daji ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bisa abin da kika rubuto, wannan ba ciwon daji ba ne. Kalmar da nake fara nema a irin wannan takarda ita ce disfileshiya, wato alamar cewa ƙwayoyin halitta sun fara sauya kama a hanyar da kan kai ga ciwon daji idan an bar su, kuma taki ta ce babu.

Tsiron tumbi yawanci iri uku ne. Wanda ke fitowa a ɓangaren sama na tumbi, musamman ga masu shan omefrazol (maganin rage asid na ciki) shekara da shekaru, ba kasafai yake zama matsala ba. Na biyu kuwa, mai suna adinoma, cire shi ake yi gaba ɗaya, a sake dubawa cikin shekara guda, domin shi ne ya fi haɗarin rikiɗewa. Na uku shi ne naki, wato haifafilastik, yana tasowa ne daga kumburin da ya daɗe a bangon tumbi, kuma sau da yawa Helikobakta ce ke haddasa wannan kumburi, ƙwayar da aka sanya cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 1994. Saboda haka, a ganina, ita ce ta fi tsiron cancantar kulawarki. Ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 14, kuma sau da yawa tsiron yakan ƙanƙance ko ya ɓace bayan an rabu da ita. Tsiron da ya wuce santimita 1 (milimita 10) ne aka fi cirewa.

Ki shanye maganin duka ko da kin ji sauƙi, sannan a tabbatar ƙwayar ta mutu ta gwajin numfashi ko na bahaya, aƙalla mako 4 bayan kammalawa, kin kuma dakatar da omefrazol mako 2 kafin nan, don kada gwajin ya nuna babu alhali akwai. Ki tambayi likitanki ko an gutsuri bangon da ke kewaye da tsiron, domin yanayinsa ne zai nuna lokacin sake dubawa. Idan kika ga baƙin bahaya, aman jini ko rama ba dalili, ki koma asibiti nan take.