Gidan dutse mai rajistar tarihi a Ingila: a shafa masa siminti?

Tambaya: Malam, ina zaune a Biradfod, na ga wani ɗan gidan dutse na zamanin Sarauniya Biktoriya ina so in saya. An ce yana cikin gine-ginen da doka ta kare, a mataki na biyu. Bangonsa na da laima, wani magini ya ce a yi masa filasta da siminti a kuma sa tagogin roba. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. Shawarar nan za ta lalata maka bango, ta kuma haɗa ka da hukuma.

Ƙananan gidajen dutse na wancan zamani, tsakanin 1837 da 1901, bangonsu a cike yake, babu sararin da ake bari a tsakiya kamar na gidajen yanzu. A yankinku na Yokshaya da dutsen yashi na wurin aka gina su, aka ɗaure duwatsun da kwaɓin yashi da farar ƙasar da ake samu in an ƙona dutse. Kwaɓin nan ya fi dutsen taushi, kuma a nan hikimar take. Idan ruwan sama ya bugi bango, yakan shiga, sannan ya fita ta layukan kwaɓin da zarar iska ta kaɗa. A ciki kuma murhu da bututun hayaƙi suna jan iska, ɗaki ya bushe.

Siminti kuwa tauri gare shi. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, sai ya kwanta a cikin dutsen. In sanyi ya yi tsanani ruwan ya daskare, ya kumbura, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Je ka duba bangon da aka cike wa layuka da siminti shekarun baya: za ka ga simintin ya fito zara-zara, dutsen ya zaizaye ya koma ciki. Duk wanda ya ga yadda filastar siminti ke ɓamɓarowa daga ginin ƙasa bayan damina ya san wannan ciwo.

Laimar da ka gani, sau da yawa daga waje take. A duba indararo, da falayen dutsen rufi, da ko an tara ƙasa a gindin bango.

Sai doka. A Ingila matakan kariya uku ne, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen suna matakin da naka yake. Ko da yake shi ne mataki mafi ƙasa, kada hakan ya ruɗe ka, kariyar ta shafi gidan ciki da waje, har matakala da murhu. A ƙarƙashin dokar 1990, duk aikin da zai canza kamannin ginin sai da izinin ƙaramar hukuma, yin sa babu izini kuma laifi ne da ke iya kai mutum ga tara ko ɗaurin shekara biyu. Tagogin katako masu zamewa sama da ƙasa suna cikin abin da aka fi sa wa ido, da wuya a yarda da na roba. A Saltaya, garin da Titus Salt ya gina wa ma'aikatan masaƙarsa nan kusa da ku, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, haka masu gidaje ke zaune da wannan ƙa'ida.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne, idan mai gidan na da ya yi gyara babu izini, kai da ka saya za a iya tilasta wa mayar da ginin yadda yake, ko da an shekara ashirin. Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, sa lauyanka ya nemo takardun izinin duk aikin da aka yi, ka karanta bayanin gidan a rajistar Historic England, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi a Ingila, ka kuma ɗauko mai duba gini wanda ya saba da tsofaffin gidaje.