Amsa ga Gwaggo kan magen da hancinta ya toshe

An rubuta wannan daga muryar da ɗanmu likitan dabbobi ya turo zauren iyali daga Birnin Kebbi, saboda waɗanda ba su samu sauke ta ba.

Assalamu alaikum. Gwaggo, barka da dare, ya sanyi a Argungu? Na saurari muryarki, na kuma kalli bidiyon. Na ji kin ce likitan da ya duba magen ya ce ciwon daji ne a cikin hanci kuma ya yi nisa, tana minshari ko idonta biyu, majina na bushewa a bakin hancin, abinci kuma sai ta sunsuna ta juya baya. Allah ya ba ki ladan jinya.

Kafin komai, na ga an ba ki shawara a nan cewa a shafa mata Robb a hanci, a ba ta rabin Panadol. Wanda ya faɗa da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma don Allah Gwaggo kada ki yi. Farasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol, guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, sai ya lalata jinin, ki ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, rabi ma ba a tsira ba. Kuma yawancin magungunan mura na kemis, irin su Procold, akwai shi a ciki. Haka ibuprofen da diclofenac, ƙoda suke kashewa. Robb, Aboniki, Mentholatum, duk akwai kafur ko mantol ko man turare a cikinsu. Mu suna sa mu ji kamar hanci ya buɗe, ita kuwa ƙona mata hancin za su yi, sannan ta lashe ta haɗiye. Maganin ɗigawa a hanci na mutane, irin Otrivin, shi ma a bar shi a cikin durowa.

To, yanzu abin da za a iya. Sai dai ki fahimci toshewar iri biyu ce a wuri ɗaya. Akwai ƙarin da ya tsiro ya cike hanya, akwai kuma majina da kumburi da suka taru a kansa. Kamar kwalbati ne da dutse ya faɗa ciki, yashi da shara suka taru a gefe. Dutsen ba za mu iya cire shi a gida ba, amma idan aka kwashe yashin, ruwa zai samu ɗan wurin wucewa. Wannan ɗan wurin kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wajen mage, domin ita ba ta son numfashi da baki, kuma da hanci take sanin abinci. In ba ta ji ƙanshi ba, ba za ta ci ba, ko da yunwa na cin ta.

Ki fara da goge hancin. Auduga ko tsumma mai laushi, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ki ɗora a kan busasshiyar majinar ki ɗan jira ta jiƙu, sannan ki share a hankali. Kada a ɓanɓare ta a bushe, jini zai fito. Kada kuma a tura tsinken auduga ciki. Bayan nan ki sa a sayo miki nomal salin a kemis, wato ruwan gishirin asibiti na kashi 0.9, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi. A zuƙo da sirinji, a cire allurar, ɗigo ɗaya a kowane kafar hanci, sau 2 ko 3 a rana. Za ta yi atishawa, abin da ake so ke nan, majinar ce ke fitowa. In kin ga tana fisge-fisge har numfashinta na ƙaruwa, ki ƙyale ɗigon, gogewar ma ta wadatar. Ban yarda a haɗa ruwan gishiri a gida da ka ba, in gishirin ya yi yawa zafi yake yi.

Sai surace, kuma a nan nake son ki saurara da kyau, domin ba irin namu ba ne da ake zuba ganye a tukunya a lulluɓa da bargo. Ruwan zafi zalla. Ba ganyen turare, ba darbejiya, ba lemun tsami, ba komai. Ki sa ta cikin kwando mai murfi ko kejinta, ki ajiye kwanon ruwan zafin a waje, nesa da inda hannunta zai kai, ki rufa musu zani gaba ɗaya amma ki bar gefe ɗaya a buɗe iska na shiga. Minti 10 zuwa 15, ke kuma kina zaune a wurin, ba a ba yara wannan aikin. In banɗakinki mai rufi ne, ya fi sauƙi: a ajiye bokitin ruwan zafi a rufe ƙofa, ki zauna da ita a cinya. Ki yi shi kafin cin abinci, lokacin ne majina ta yi laushi, ki goge, ki miƙa mata kwano. Idan ta fara haki ko ta firgita, a buɗe nan take. Ranar da ta yi haɓo kuma ba surace, tsumma mai sanyi za ki ɗora a karan hancin.

Wannan hunturun shi ma yana ƙara mata wahala, iska ta bushe ga ƙura. Ki bar ta a ɗaki, ki rataya jiƙaƙƙen tawul kusa da makwancinta, a yayyafa ruwa kafin shara. Kuma Gwaggo, na san ki da turaren wuta, duk wanda ya shiga ɗakinki ya sani, amma ɗakin da take kwana a ɗaga masa ƙafa. Haka maganin sauro na kunnawa da na fesawa, haka kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi. In sanyi ne, tsohon bargo ya ishe ta. Ki ɗan tada mata gaban shimfiɗar, da yawansu sun fi samun barci in kai ya ɗan ɗaga.

Maganar abinci, ku da kuke bakin gulbi Allah ya hutar da ku. Ɗanyen kifi za a dafa da ruwa kawai, a cire ƙaya tsaf, a marmasa da ɗan romonsa, a ba ta da ɗumi, domin ɗumi ne ke tada ƙanshi. Kifin gwangwani ma yana jan su, a tsiyaye man. Kaza haka. Amma ba albasa, ba tafarnuwa, ba magi, albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini, don haka romon miyar gida bai dace ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a faranti mai faɗi da aka ɗora kan wani abu don kada ta sunkuya sosai. Wata sai an shafa mata a yatsa ta lasa sannan take tuna tana jin yunwa. Kada a yi mata ɗura. Hanci a toshe, baki cike, sai abincin ya bi ta huhu. In ta kwana 2 ba ta ci komai ba a kira likita, domin mage in ta daɗe ba ci, kitse ne ke taruwa a hantarta, wata cutar ta hau kan wata.

Akwai kuma abin da sai likita. Dajin da ya fi kama hancin mage shi ne wanda ake kira limfoma, kuma shi sau da yawa yana ɗan ja baya idan aka ba da prednisolone, kumburi ya sauka, ta samu makonni ko 'yan watanni na sauƙi. Ba warkewa ba ce, amma sauƙi ne na gaske. Wani irin dajin kuma meloxicam ake bayarwa bayan an duba ƙoda. Waɗannan biyun ba a haɗa su, suna huda ciki, shi ya sa ba na so a je kemis a sayo da baki. In majina ta koma kore ko ɗorawa tana wari, ƙwayoyin cuta sun shiga, akwai maganinsu. Akwai na buɗe ciki, mirtazapine, akwai kuma na kashe zafi. Ki tambayi likitan nata maganin zafi musamman, domin mage ɓoye ciwo take yi, sai dai ki ga ta laɓe ƙarƙashin gado, ta daina lasar jikinta, ba ta son a taɓa fuskar. In ana son ƙarin bincike, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato shi ne mafi kusa da ku, sai dai a auna ko jikinta zai ɗauki tafiyar mota.

Ki riƙa ƙirga numfashinta in tana barci. Ki kalli haƙarƙari, hawa da sauka ɗaya ke nan, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya lau. In ya haura 40, ko kika ga ta buɗe baki tana numfashi, ta miƙe wuya, harshe ya yi shuɗi, ko jini ya ƙi tsayawa, wannan ba na jiran safiya ba ne, ki kira ni ko tsakar dare ne.

Abu ɗaya mai nauyi, gara ki ji shi daga bakina tun yanzu. Ciwon nan gaba yake yi. Wata rana surace da kifi ba za su ƙara yin aiki ba, ba za ta iya barci ba saboda neman iska. In an kai nan, akwai allurar da likita ke yi wa dabba ta tafi cikin barci ba wahala. Na san zuciyarki za ta yi nauyi a kai, ki zauna da malaminki ki tambaye shi tun kafin ranar ta zo, kada ki yanke shawara cikin ruɗu. Masu cewa a kai ta bayan gari a yar kuwa, wallahi ban goyi bayansu ba ko kaɗan, shekarunta nawa a gidan nan tana tsare miki rumbu.

Gobe da safe ki sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauko min hoton duk magungunan da aka ba ta, da bidiyonta na minti ɗaya tana barci, a ɗauka ta gefe yadda zan ga cikinta. In na gani sai in kira likitan nata mu daidaita. A gaida mutanen gida, sai da safe.