Baƙuwa a can, baƙuwa a nan

'Yar'uwa, sau uku na karanta tambayarki kafin in iya amsawa. Kin ce bayan shekara shida a waje kin je gida hutu aka riƙa yi miki hidima kamar baƙuwa, kin dawo nan ma baƙuwar ce, har kina tambaya ko wani abu ne ya same ki. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a waje, kuma wannan abin bai taɓa sakina ba.

Nawa ya kai maƙura ne a 2020. A watan Maris ƙasashe suka rufe iyakokinsu saboda korona, jirage suka daina tashi, a watan Mayu kuma Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa. Ina wurin aiki aka kira ni, na zauna a kan matakalar bene na yi kuka ni kaɗai, sannan na wanke fuska na koma na ƙarasa awoyina, domin ban san wanda zan faɗa wa ba. Bayan kwana uku na kira yayana, ina neman wanda za mu yi kuka tare, sai ya ce mini, "Ke ai kin daɗe da zama 'yar can, kuɗinki kawai muke gani." Shekara uku ni nake biyan kuɗin maganinta, ina aikin dare har ƙafafuna suna kumbura, bai taɓa tambayata yadda nake samun kuɗin ba. Na yafe masa, amma har yau idan na ga sunansa a waya sai gabana ya faɗi.

Don Allah kada ki yanke wa kanki hukunci da ziyarar mako uku. Kin canza, su ma sun canza, gidan da kike kewa kuwa na shekara shida da suka wuce ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Basalona, Joseba Achotegui, wanda ya daɗe yana duba baƙin haure, ya lissafa rashi bakwai da mai ƙaura yake makokinsu, ciki har da dangi, harshe, ƙasa da matsayin da mutum yake da shi a cikin jama'arsa. Da na karanta, na matsayin ne ya fi taɓa ni, domin a gida an san 'yar wace ce ni, a nan kuwa ko sunana ba a iya faɗa daidai.

Ki samu mutum ɗaya a gida da za ki riƙa kira ba don maganar kuɗi ba. Ni ƙanwar mahaifiyata nake kira, kuma muryarta ce ta riƙe ni. Kada ki riƙa aika kuɗi don biyan laifin nisanki, ba ya biyuwa. Idan kina da yara, ki yi musu magana da harshenki ko da suna amsa miki da wani, ni na yi sakaci da babbar 'yata kuma ina nadama. In kuwa barci ya ƙaurace miki ko kin daina cin abinci, ki je ki ga likita, wannan ba raunin imani ba ne.

Da aka buɗe hanya na je gida, ban sanar da kowa ranar zuwana ba sai ƙanwar mahaifiyata, kuma na roƙe ta kada ta bari a hana ni shara da wanke-wanke. A ziyararki ta gaba ki gwada hakan.