Ina Debian ta kai fayilolin Apache?

Ɗan'uwa, ka ce ka girka Apache, manhajar sabar yanar gizo, a Debian, wani nau'in tsarin Linux, jagorar da kake bi tana nuna /usr/local/apache2, ka leƙa ba ka tarar da komai ba. Kwantar da hankalinka, ba kuskure ka yi ba. Wancan wurin na wanda ya harhaɗa manhajar da hannunsa ne. Debian tana bin ƙa'idar FHS ta tsara inda fayiloli ke zama a Linux, wadda fitowarta ta 3.0 ta zo a 2015, kuma ƙa'idar ta keɓe /usr/local ga mai kula da kwamfuta, shi ya sa fakitin Debian ba ya zuba fayilolinsa a can.

An raba kayan ne bisa aikinsu. Saituna suna /etc/apache2, shirin kansa yana /usr/sbin, rahoton aiki kuma yana /var/log/apache2. Ni wannan rabon ya kwanta mini a rai ƙwarai, domin ranar ajiye kwafi /etc da /var kawai za ka kwasa, sauran a sake girkawa. Sai dai sunaye kan bambanta. A Fedora, wani nau'in Linux ɗin, /etc/httpd za ka gani.

Buga umarnin dpkg -L apache2, sannan dpkg -L apache2-bin, za su jero maka inda kowane fayil ya sauka.