Takardar malamin matuƙa na ƙasa: amsa ga yarona

Yarona, jiya bayan la'asar ka tare ni a hanyar filin jirgi ina sauri, ban ba ka amsa mai kyau ba. Ka ce likita ya hana ka takardar lafiyar tuƙi, kuɗin koyon tashi ma babu, amma ka ji akwai wata takarda ta Amurka da ke mai da mutum malamin matuƙa ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Ka ce, "Malam, gaskiya ne? In na same ta za ta ciyar da ni?"

Gaskiya ne. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ke bayar da ita. Sharaɗinta shekara 18, da Ingilishi da za ka karanta, ka rubuta, ka yi magana a gane. Ba a neman ko awa ɗaya a sama, ba a neman takardar likita. Hawa uku ce. Ta farko, BGI, tana ba ka damar koyar da masu neman lasisin farko, irin na mai tuƙa ƙaramin jirgi don kansa. Ta biyu, AGI, ta haɗa har masu neman lasisin aikin kuɗi, sai dai ban da tuƙi da na'ura cikin gajimare ko hazo, wannan na ta uku ne, IGI. Ni dai kada ka ɓata kuɗinka a ta farko, tafi kai tsaye ga AGI, jarrabawarta tambaya 100 ce. Akwai kuma jarrabawar dabarun koyarwa, FOI, tambaya 50. Kowace sai ka ci kashi 70 cikin 100. Sakamakon yana da rai wata 24, a ciki za ka cika takardar neman nan mai lamba 8710-1, jami'insu ya duba ya ba ka. Shi ke nan.

Zancen ciyarwa kuwa, nan gizo ke saƙar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, takardar nan ma haka. Sa hannunka yana da nauyi ne a littafin ɗalibin da ke neman lasisin Amurka. A nan Nijar maganar tana hannun ANAC, hukumar jiragen sama ta ƙasarmu, a Yamai. Makarantar EAMAC ta ASECNA (hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka mai kula da sararin sama), wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu duba yanayi tun 1963, tana da nata sharuɗɗan ɗaukar malami. Kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964 tana bin dokar hukumar Najeriya. Za su iya kallon takardarka su ce madalla, yaron nan ya yi karatu, amma ba ita ce za ta buɗe maka ƙofa ita kaɗai ba. Saboda haka kafin ka sayar da ragunan gyatumarka, fara tambayar kanka: su wa zan koyar, kuma lasisin wace ƙasa suke nema? Ka tuna kuma mu da Faransanci muka yi lakol. Littafin Amurkawa yana auna nauyin iska da inci, 29.92, mu a nan da hektofaskal muke aunawa, 1013 muka sani. Kuskuren hektofaskal 10 a agogon tsayi ya kai kusan ƙafa 300, kuma ƙasa ba ta matsawa don matuƙi ya yi kuskure.

Abin da na fi so ka ji shi ne, jarrabawar nan ana iya cinta da hadda, aji kuwa ba ya cinyuwa da hadda. Ɗauki darasi ɗaya. Filinmu na Maraɗi yana kan tsayin ƙafa 1,200 da ɗan wani abu. A lissafin littafi, zafin wurin bai kamata ya wuce digiri 12 ko 13 ba. To zo ka tsaya a can da azahar a watan Afrilu, ma'auni na nuna 42. Rarar digiri 30 ke nan, kowane digiri kuma yana ƙara kamar ƙafa 120. Jirgin yana zaune a Maraɗi, amma fiffikensa da injinsa suna jin kamar suna ƙafa 4,800 a sama. In ka rubuta wa ɗalibi wannan a allo zai kwafa ya manta. Ni nakan sa a kawo fura kofi biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya an cika mata ruwa, in ba shi ludayi ya juya. Iskar bazara ita ce tsinkakkiyar, farfela tana juyawa ba ta kamo komai, jirgi ya ci titi ya ci titi bai tashi ba. Daga nan sai in ce ya buɗe jadawalin jirgin ya gaya mini mutum nawa zai sauke. Wanda ya juya ludayin nan bai taɓa manta darasin ba.

Sai sa hannu. Kafin ɗalibi ya zauna jarrabawar lasisinsa, malami ne ke rubutawa cewa ya shirya. Na taɓa sa wa wani hannu don nauyin mahaifinsa da nake ji, alhali na san lissafin nauyi da daidaiton kaya bai zauna masa ba. Ya faɗi, kuɗin suka tafi, uban da na ji wa kunya kuma shi ne ya daina amsa gaisuwata. Tun daga ranar, sai ɗalibi ya ci gwajina sau uku a jere nake ɗaukar biro.

Takardar ba ta mutuwa, amma tana barci. In wata 12 suka wuce ba ka koyar ba, ba ka da ikon aiki da ita sai ka yi kwas ɗin sabuntawa da suka amince da shi, ko wani malami mai izini ya gwada ka ya sa maka hannu.

Ran Asabar ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kai za ka tsaya gaban allo, ni in zauna a benci, ka koya mini abin da matuƙi zai yi in hazon hunturu ya rufe filin yana hanya. Da Ingilishi za ka yi, kuma zan yi ta katse ka da tambaya.