Kwashe tarkacen gidan da ya daɗe a rufe a Jos

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka kwangilar kwashe tarkacen wani gida da ya shekara biyar a kulle, kana neman yadda za ka kare yaranka.

Kafin kowa ya shiga, a kashe wuta daga mita, a buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa kamar rabin awa. Abin da na fi ji muku shi ne kashin ɓera da fitsarinsa. Ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutum, kuma Filato na cikin jihohin da ake samunsa. Kada a yi shara a bushe. A zuba kofi 1 na Hypo cikin kofi 9 na ruwa, a yayyafa, a jira minti 10, sannan a kwashe. Takunkumin N95 za su sa, hankici ba ya tare wannan ƙura.

Safar hannu mai kauri da takalmi mai ƙarfe a baki dole ne, ban da silifas. Kafin a zura hannu ƙarƙashin katifa ko bayan kwali, a tura sanda saboda maciji da kunama.

Idan silin na asbestos ne, kada a fasa shi. A jiƙa, a sauke shi falle-falle, a naɗe da leda, domin ƙurarsa na lalata huhu, kuma sai bayan shekaru cutar take bayyana. Tukunyar gas, batir da ragowar magani a ware su, kada su shiga wuta. Ka tuntuɓi PEPSA, hukumar kare muhalli da tsafta ta jihar Filato, kan inda za a zubar.

Wanda ƙusa ta soka, a yi masa allurar tetanus a ranar. Wanda kuma zazzaɓi ya kama cikin kwana 21 bayan aikin, a wuce da shi asibiti, ba kemis ba, a gaya wa likita irin aikin da ya yi.