An yi wa kasuwarmu ƙarya a labarai, wa za mu kai wa kuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillalin tumatir da tattasai ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kwanakin baya wani shafin labarai ya wallafa cewa wai Hausawa na fesa wa kayan gwari guba, ya haɗa da bidiyon da ba a kasuwarmu aka ɗauka ba. Washegari wani gidan rediyo ya karanta shi a sharhin jaridu. Ciniki ya tsaya, kaya suka ruɓe a kwando. Matasanmu sun ce a sa 'yan sanda su kama mai shafin. Shin 'yan jarida ba su da mai tuhumarsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar muku da alheri. Suna da mai tuhumarsu, amma ina roƙon ku lallashi matasan nan, don ofishin 'yan sanda ba zai dawo muku da masu saye ba.

Abin da ya ɓaci shi ne sunanku, gyaransa kuma gaggawa yake so. Ku adana hoton labarin da ranar da ya fita, ku rubuta sunan shirin rediyon da lokacinsa. Sai shugaban kasuwa ya aika wa editan takarda: ga abin da kuka faɗa, ga inda ya saɓa wa gaskiya, muna neman gyara da damar mayar da martani. Wannan ba alfarma ba ce. Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu gidajen jaridu suka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta gyara kuskure ba tare da jinkiri ba, da bai wa wanda aka taɓa damar kare kansa. Sun kuma hana ambaton ƙabilar mutum ko addininsa ta hanyar ƙasƙanci.

Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Ko da a ce wani ya aikata abin da ake zargi, mutum ne mai suna da rumfa. Da zarar kanun labari ya ce "Hausawa", an ɗora laifin a kan mai shayi a Agege da mai gadi a Lekki da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A garin da aka ga rikicin ƙabilanci na Ketu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Mile 12 a watan Maris na 2016 wanda ya sa gwamnatin gwamnan Legas na lokacin, Ambode, ta rufe kasuwar, editan da ya bari irin wannan kalma ta fita ba tare da ya ji ta bakinku ba, wasa yake da rayukan mutane.

Shi ma gidan rediyon ba zai fake da cewa karantawa kawai ya yi ba. A doka, wanda ya maimaita ɓatanci yana ɗauke da alhakinsa. Ƙorafi a kansa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ake kai wa, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba su lasisi. Ku dai sani cewa a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Don haka janye labarin a cikin shirin da aka karanta shi za ku nema.

In edita ya yi kunnen uwar shegu, akwai kwamitin sauraron ƙorafe-ƙorafe da kafafen labarai suka kafa da kansu, NMCC, wanda aka ƙaddamar a nan Legas a 2023 ƙarƙashin jagorancin ɗan jarida Emeka Izeze. An ga aikinsa a 2024, lokacin da ya binciki labarin Daily Trust kan yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta shiga da Tarayyar Turai, ya ce akwai kurakurai, jaridar kuma ta ba da haƙuri. Sai dai tasirinsa ya fi ƙarfi a kan gidajen da ke kishin mutuncinsu. Shafin da ba shi da ofishi, sai ku kai rahotonsa ga Facebook ko inda yake, ku kuma tura bidiyon ga masu tantance labarai irin su Dubawa su bankaɗo asalinsa.

Kotu fa? Ana iya neman diyya, amma ƙarar ɓata suna tana buƙatar wanda za a nuna a ce shi ake nufi. Magana a kan ƙabila guda ba ta cika tsayawa a gaban alƙali ba. In an ambaci sunan wani dillali, lauya zai samu abin riƙewa, ko da yake shari'a na iya cin shekaru.

Dalilin da ya sa na hana ku 'yan sanda kuwa, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an daɗe ana amfani da shi wajen tsare 'yan jarida masu tona asirin manya, har aka yi masa gyara a 2024. Ranar da kuka sa aka kama mai shafin, labari zai juya: ku ne masu danniya, ƙaryarsa kuma a manta da ita. Sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora wa 'yan jarida sa ido a kan gwamnati, su ne kuma za ku nema ran da aka zo rusa rumfuna ko aka tsawwala haraji.

A naku ɓangaren, ku fara bincika ko akwai ƙamshin gaskiya a zargin, in akwai ku hukunta mai yi. Sannan ku gayyaci jami'an lafiya da 'yan jarida su zaga kasuwar, ba tare da ba su na goro ba, don labarin da aka saya ba ya wanke kowa. Ku naɗa mai magana da yawunku da ke jin Turanci da Yarbanci, ku raba lambarsa a gidajen jaridun Ikeja tun kafin wani abu ya taso.